Ni Ce Lauyar Kaina

SHAFI NA 17

Masu cika min waya da saƙo wai na bar Araceli tsaye a bakin kotu har kwana uku, ku yi haƙuri, lokacin lemo ne, aiki ya sha kaina. Ke kuma da kika ce in kashe Beto kowa ya huta, ba zan kashe shi ba, uban Itzel ne. Ku matso.

*

Ƙarfe takwas saura kwata Araceli Montaño ta shiga kotun iyali ta Fresno, rungume da jakar takardunta. Mahaifiyarta Doña Socorro na biye da ita tana mita, don mai gadin ƙofa ya sa ta buɗe jaka har ya ga burodin da ta ƙunso.

Wata biyu ke nan rabon da Itzel, 'yar Araceli mai shekara bakwai, ta kwana a gidan uwarta. Gilberto Ruelas, tsohon mijin Araceli da kowa ke kira Beto, shi ya shigar da ƙara ba ta sani ba. Aka yi zama, alƙali ya ga uwa ba ta zo ba, ya ba uba riƙon yarinya. A takardar da Beto ya kai wa kotu an rubuta cewa an miƙa wa Araceli sammaci hannu da hannu a ƙofar gidanta, ranar huɗu ga Maris, ƙarfe sha ɗaya na safe.

Ba wanda ya miƙa mata komai.

Ta zaunar da mahaifiyarta a benci.

"Amá, jira ni a nan, minti biyar."

Ta leƙa ɗakin da ake taimaka wa marasa lauya. Layi har ya kai ƙofa, amma Misis Moua na hango ta ta yafito ta da biro. Matar nan ce ta zauna da ita mako shida tana nuna mata takarda bayan takarda, har ta iya rubuta roƙon a soke hukuncin da hannunta.

"Kwafi nawa?" in ji Misis Moua, ko gaisuwa babu.

"Uku. Ɗaya na alƙali, ɗaya nasu, ɗaya nawa."

"Lauyansa ya katse ki fa?"

"In yi shiru. Alƙali zan kalla, ba shi ba."

"Kuka ya zo fa?"

"In nemi ruwa. Amma ba zai zo ba."

Misis Moua ta ɗan yi murmushi.

"Kin dai san ni ba lauyarki ba ce. Gobe Beto ya shigo nan, yadda na nuna miki haka zan nuna masa."

"Kin faɗa min ya fi sau goma."

"Na sha ɗaya ke nan." Ta rage murya. "Shaidar taki fa? Zai zo?"

"Dole ya zo. Ƙawata Yadira ta kai masa sammaci har shagon taya inda yake aiki. A gaban maigidansa ta ba shi. Ta sa hannu, na kai takardar ofishin kotu, taga ta huɗu."

"Mahaifiyarki ta sani?"

"Ban gaya wa kowa ba."

Kwana goma ke nan tana ɗauke da abin ita kaɗai. Ranar da ta karɓo kwafin takardar nan ta Beto, sai da ta karanta sunan wanda ya rantse ya ba ta sammaci sau uku kafin idonta ya yarda. Efraín Montaño. Yayanta, uwa ɗaya uba ɗaya.

Misis Moua ta dube ta sosai.

"Ba zan ce miki yi ko bari ba. Abin da zan gaya miki, takardar nan a kan rantsuwa ya sa mata hannu. In ya ce ƙarya ya yi, yana iya shiga matsala."

"Na sani."

"To. Hawa na uku, ɗaki na biyu daga dama. Kar ki yi sauri in kina magana."

*

Beto na tsaye a barandar hawa na uku cikin sabuwar riga, ko layin guga bai baje ba. Kusa da shi lauyansa ne, Mista Halvorsen, dogo mai furfura, yana latsa waya.

Beto ya sunkuyar da kai ya gaida tsohuwar surukarsa.

"Barka da safiya, Doña Socorro."

Ta amsa a ciki, ba ta kalle shi ba.

Lauyan ya sa waya a aljihu ya matso.

"Madam Montaño, ko? Na ga har yanzu ba ki ɗauki lauya ba."

"Na ɗauka. Ga ta tsaye a gabanka."

Ya yi 'yar dariya.

"Bari in sauƙaƙa miki. Ki janye roƙon nan, mu ba ki Asabar da Lahadi duk bayan mako biyu. In kika shiga ciki kika faɗi, ko wannan ba lallai ki samu ba."

"Wato ka ara min 'yata kwana huɗu a wata?"

"Taimakonki nake yi."

"Na gode. Ka ajiye taimakon, wanda ya ɗauke ka zai buƙace shi an jima."

Beto ya yi tsaki, ya kira ta da sunan da ake kiranta a gida.

"Cheli, daga zuwa ajin cike takarda sau shida har kin zama alƙali? Lemo kika iya zubawa a kwali, ki tsaya a nan."

"Shekara tara ina zuba lemo, Beto, ko ruɓaɓɓe ɗaya bai taɓa wuce ni ba. Kai kaɗai ne ka wuce."

Wata mata da ke zaune a benci ta toshe baki da hannu.

Ƙofar lif ta buɗe. Efraín ya fito da kayan aikinsa, hannayensa baƙi ƙirin da dattin taya, hula a matse a hannu.

Fuskar Beto ta canza.

"Me wannan yake yi a nan?"

Lauyan ya juya ya kalli Beto.

"Wane ne?"

Beto ya juya masa ƙeya.

Doña Socorro ta dafa bango ta zauna a hankali. Ta zaro carbinta daga jaka ta riƙe gam. Araceli ta ji tausayinta ya kama ta, amma yau ba ranar lallashi ba ce. Ta kama hannun rigar yayanta ta ja shi can wajen famfon shan ruwa.

"Ka zo."

"Kin bar min zaɓi ne? A gaban maigidana fa yarinyar nan ta miƙo min takarda."

"Haka ake miƙa sammaci, Efra. Hannu da hannu. Yanzu ka ga yadda ake yi."

Ya kawar da kai.

"Cheli, don Allah ki bar maganar nan."

"Kai ka yi wa Itzel uban baftisma. Kai ka koya mata keke. Wata biyu tana kirana tana cewa Mami yaushe zan dawo gida, kana zuwa kana cin abinci a teburina, kana cewa in yi haƙuri Allah zai kawo mafita!"

"Rage murya."

"Me Beto ya yi maka alkawari?"

"Babu."

"To me na yi maka?"

"Ba ki yi min komai ba." Ya murza hular. "Ina da 'ya'ya uku. In na shiga can na faɗi gaskiya, kin san inda za a iya kai ni?"

"Na sani. Na tambaya."

"Kuma duk da haka?"

"Kai ka sa hannu, ba ni ba. Ni ɗaya gare ni, kuma ba ta gidana."

Efraín ya dube ta.

"Ki tambaye ni abin da za ki tambaya. Amma ki tsaya inda ya kamata. Akwai tambayar da in kika yi, ba za ki so amsarta ba."

Kafin ta ce wani abu, ɗan sandan kotu ya leƙo.

"Ruelas da Montaño!"

*

Mai shari'a Okamoto ƙaramar mace ce mai tabarau a ƙarshen hanci. Ta buɗe fayil, ta kalli teburin hagu inda Araceli ke zaune ita kaɗai.

"Madam Montaño, ke ce ke kare kanki?"

"Ni ce, ranki ya daɗe."

"Roƙonki ne. Ina jin ki."

Araceli ta miƙe. Ta dafa tebur.

"Ranki ya daɗe, ina roƙon a soke hukuncin da aka yi bayan idona, domin ba a taɓa ba ni sammaci ba. An rubuta wai an ba ni a gidana ranar huɗu ga Maris, ƙarfe sha ɗaya na safe. A wannan lokacin ina wurin aiki. Shafi na uku, takardar shiga da fitata ce daga ma'aikata. Na shiga shida na safe, na fita huɗu da rabi na yamma. Shafi na huɗu, shugabar layinmu ce ta rubuta ta sa hannu cewa ban gusa ba."

Mai shari'a ta juya shafi. Ta sake juyawa.

Mista Halvorsen ya miƙe yana gyara maɓalli.

"Ranki ya daɗe, kowa ya san yadda ake yi a irin waɗannan ma'aikatu. Wani kan buga wa wani kati. Kuma daga can zuwa gidanta tafiyar minti goma ce. Muna da takardar rantsuwa daga wanda ya miƙa mata, babu dalilin da..."

Maganar ta zo wa Araceli har bakin leɓe. Ta haɗiye. Ta kafe idonta a kan tabarau ɗin mai shari'a har ya gama.

"Madam Montaño?"

"Ranki ya daɗe, wanda ya sa hannun yana waje. Na aika masa sammaci, shaidar tana shafi na shida. Ina so a kira shi."

Lauyan ya sunkuya yana yi wa Beto raɗa da sauri. Beto ya kafe tebur da ido.

Aka shigo da Efraín. Ya ɗaga hannu ya yi rantsuwa. Mai shari'a ta cire tabarau.

"Mista Montaño, kafin ka buɗe baki. Takardar da ka sa wa hannu ta rantsuwa ce. Abin da za ka faɗa yau yana iya zama hujja a kanka. Kana da damar ka yi shiru, kana da damar ka nemi lauya tukuna. Ka gane?"

"Na gane."

"Za ka amsa?"

Ya kalli ƙanwarsa. Ya kalli bencin baya inda mahaifiyarsu take.

"Zan amsa."

Araceli ta ɗauki takardar da ta rubuta tambayoyinta. Huɗu ne kacal. Ta yi ta maimaita su a mota har ta haddace.

"Mene ne tsakanina da kai?"

"Ƙanwata ce ke."

"Wannan sa hannunka ne?"

"Nawa ne."

"Ranar huɗu ga Maris, ƙarfe sha ɗaya na safe, kana ina?"

"Ina shago. Muna canza wa wata motar kaya taya."

"Ka taɓa miƙa min takardar kotu, a ranar ko a wata rana?"

Efraín ya amsa ƙasa-ƙasa.

"A'a."

"Ban ji ba."

"A'a, Cheli. Ban taɓa ba ki komai ba. Sa hannu kawai na yi."

Tambayoyinta sun ƙare. Ya kamata ta zauna. Amma bakinta ya riga ta.

"Wa ya kawo maka takardar?"

Lauyan ya zabura.

"Ban yarda ba, ranki ya daɗe! Abin da ke gabanmu shi ne an ba ta ko ba a ba ta ba."

"Haka ne," in ji mai shari'a. "Yau ba na buƙatar wannan amsar. Zauna, Madam Montaño. Mista Halvorsen, kana da tambaya ga shaida?"

Ya buɗe fayil ya rufe.

"Babu."

Mai shari'a ta mayar da tabarau, ta yi rubutu na ɗan lokaci.

"Kotu ta gamsu ba a ba Madam Montaño sammaci ba. Na soke hukuncin. Yarinya za ta koma yadda take a da: tana wurin mahaifiyarta, uba yana ɗaukarta ranar Juma'a ya dawo da ita Lahadi. Mista Ruelas, yau ƙarfe shida na yamma ka kai ta gidan uwarta da kayanta."

Beto ya miƙe tsaye.

"Ranki ya daɗe, ni ban san..."

"Zauna. Lauyanka zai gaya maka dalilin da ya sa shiru ya fi maka yanzu. Ƙarar riƙon da ka shigar tana nan, za a saurare ta nan da mako uku, kowa a gabana. Kafin nan ku je wurin mai sulhu. Batun takardar ƙarya kuma ban rufe shi ba."

Ta dubi Araceli ta saman tabarau.

"Wa ya shirya miki takardun nan?"

"Ni, ranki ya daɗe. A ɗakin ƙasa aka nuna min."

"Sun fi na wasu lauyoyi tsari. Ki je ƙasa su nuna miki yadda ake rubuta hukuncin yau, ki kawo in sa hannu kafin azahar."

*

Araceli ta fito baranda. Ƙarfe shida. Za ta biya kasuwa ta sayi garin masara, ta yi wa Itzel tamale, irin alalar masara mai zaƙin nan da take so. Za ta canza zanen gado.

Ta juya ta rungume mahaifiyarta.

"Amá, kin ji? Yau za ta kwana a gida!"

Jikin tsohuwar a sandare yake. Ba ta ɗaga hannu ta rungume ta ba.

Efraín ya fito zai wuce lif. Araceli ta sha gabansa.

"Tsaya. A ciki an hana ka amsa. Nan babu lauya."

"Kin samu abin da kike so. Ki bar ni in koma aiki."

"Wa ya kawo maka takardar?"

"Na ce miki ki tsaya inda ya kamata."

"Beto ne ya zo shago? Ko sabuwar matarsa?"

"Ni da Beto ko gaisawa ba ma yi, kin sani. Da shi ya kawo, da a fuskarsa zan yaga ta."

"To wa zai ce ka sa hannu a ƙarya ka sa, Efra? Wa ya isa?"

Efraín ya ɗago kai. Idonsa kawai ya tsallake kafaɗarta.

Araceli ta juya a hankali.

Doña Socorro ta mayar da carbi cikin jaka ta ja zif. Ta miƙe tsaye, ta gyara mayafinta.

"Ƙyale shi, mija, 'yata. Ni na kai masa."

"Amá, zauna, ba ki gane abin da ake..."

"Na gane sarai. Ni na karɓo ta daga hannun Beto, na kai wa ɗan'uwanki har gida, na ce ya sa hannu ko kar ya sake kirana uwa. Sammacin naki kuma yana ƙarƙashin katifata."

Araceli ta ja da baya. Ta dafa famfon ruwan.

"Ke? Ke da kike kwana a gidana kina min addu'a? Ke da kika riƙe ni ranar da aka zo ɗaukar Itzel?"

"Na yi addu'ar, kuma da zuciya ɗaya na yi."

"Don me, Amá? Me na yi miki?"

"Ni na yi renon yarinyar nan tun tana wata biyu, kina layin lemo. Ni na yi mata wankan farko. A hannun Beto, layi biyu ne tsakanina da ita, kullum in na so zan gan ta."

"A hannuna fa? Na taɓa hana ki ita?"

"Da kin kusa!"

Muryar tsohuwar ta cika barandar. Mutanen da ke benci duk suka ɗago.

"Amá, rage murya," in ji Efraín.

"Ba zan rage ba! Tana zaton don ban iya Turanci ba ban san abin da ke cikin gidanta ba? Na ga wasiƙar a cikin durowarki, Araceli. Na kai wa maƙwabciya ta karanta min. Sun ba ki shugabar layi a kamfanin tuffa, har da gida. Za ki kwashe min jika ki tafi Yakima, tafiyar kwana guda a mota, ko uban nata ba ki gaya wa ba!"

"Ban amsa musu ba! Ko amsa ban..."

Ta tsaya cak.

Efraín ya rufe ido.

A bayanta, ƙofar ɗakin shari'a a buɗe take. Mista Halvorsen na tsaye a bakinta, ya riga ya zaro biro daga aljihu, yana neman farar takarda a fayil ɗinsa.

Beto ya ratso ta gefensa, ya zo ya tsaya daf da ita.

"Cheli," ya ce a hankali. "Wace Yakima?"